Satin da Ba a Shiga Ruwa

Da bakina na jawo wa 'yata rigimar nan, don ni ce tafinta. Inna ta zo mana Germantown, a Amurka, daga Yauri a wata bazara. Ba ta jin Turanci ko na sayen gishiri, amma kafin wata ya zagayo ta yi ƙawa, wata tsohuwa 'yar Ukraine da ke ƙasan benenmu. Kullum da la'asar suna kan benci ɗaya, wannan da carbi, waccan da saƙa, kowa na zuba yarenta. In abin ya cushe musu sai a ƙwala mini kira.

Ranar nan 'yata ta wuce su da tawul a kafaɗa. Shekararta goma sha ɗaya, ta kwashe lokacin sanyi kaf tana koyon ninƙaya, kuma Asabar mai zuwa za a gwada su a ɗebi masu shiga ƙungiyar unguwa. Wanda bai je ba, sai baɗi. Tsohuwar ta ajiye saƙa, ta damƙe hannuna, ta ce da guntun Turancinta a hana yarinyar nan ruwa satin nan.

"Me ta ce?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna."

"Ke! Ba komai ne ya sa ta riƙe ki haka? Fassara mini."

Na fassara. Wai a ƙauyensu akwai 'yar ruwa, su rusalka suke ce mata. Ta ga wani saurayi mai zuwa shayar da doki, ta kamu da son sa, shi ma haka. Kullum yana bakin gaɓa, tana cikin kogi, suna hira. Wata rana ya gaji da son nesa, ya kutsa ya same ta. Ta rungume shi don murna, ta nutsa da shi za ta nuna masa gidansu. Ita ba ta san ɗan Adam sai da numfashi ba. Tana ta yi masa magana, ba amsa. Tun daga nan, in farkon watan Yuni ya yi, sai ta fito neman sa, duk wanda ta taɓa a ruwa sai ta riƙe don ta duba fuskarsa. Shi ya sa ba mai shiga ruwa a satin.

Carbin Inna ya tsaya. Na san dalili. Yayanta mai kwale-kwale ne, ya fita da safe a kogin Kwara tun ba a haife ni ba, kwale-kwalen ya dawo shi kaɗai. Mutanen gari suka ce 'yar ruwa ce ta gan shi ta aure shi, don kyakkyawa ne. Saboda haka muka tashi a bakin kogi, amma ko ɗayanmu bai iya ruwa ba. Ko wanki muka je, sai Inna ta duba zannuwanmu ta ga iya inda suka jiƙe.

Da muka hau sama ta yanke hukunci: "Ba za ta shiga ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce haba Inna, wannan fa tafkin siminti ne, magani ake zuba masa, wace aljana ce za ta zauna cikin wannan wari? Ta ce ƙasarsu daban, tamu daban, ba su taɓa jin labarinmu ba, to ya aka yi magana ta zo ɗaya? Maigidana kuwa ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya, ya zari makullin mota.

'Yata ta sha kukanta ta ƙoshi. Ranar Juma'a ta je da kanta ta durƙusa gaban Inna, ta haɗo 'yar Hausarta da ƙyar: "Kaka, ki zo ki gani. In kin ce fito, zan fito." Inna ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce a goge mata mayafinta.

Da muka isa tafkin ranar Asabar, Inna ba ta kalli kowa ba. Ta ratsa iyayen yara, ta tsuguna a bakin ruwan, ta yi bisimilla, ta tsoma hannu har gwiwar hannu. Na ji ta ce, "Salamu alaikum. Wannan jikata ce, da mai ita." Ta miƙe ta gyaɗa wa yarinyar kai.

Aka busa usur. Wallahi ban ga farkon tseren ba, Inna nake kallo. Ta tattare zani tana bin gefen tafkin da sassarfa, tana ihu, "Ja ruwa! Ja, 'yar nan, kar ki ɗaga kai!" 'Yata ta zo ta uku, koci ya kira ta cikin waɗanda aka ɗauka. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar Turawa, ko a jikina. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

A mota Inna ta taɓe baki ta ce, "Hannun hagunta raggo ne."

Na ce, "A'a! Inna, ke ina kika san wannan?"

Sai ta tambaya ko akwai ranar da mata zalla ke shiga. Akwai, Lahadi da safe. Ta sa na ba ta dogon wando da rigar motsa jikina. Ina tsaye a kan busasshiyar ƙasa, ni da ban iya ba, uwata mai furfura ta sulale cikin ruwa ko fantsama babu. Ta nutse ta ɓace, sai ga ta can ɗaya ƙarshen. Ta kama gefe tana share fuska, ta daɗe tana sharewa.

Sannan ta yafito 'yata. "Zo nan. Miƙo mini hagun."