Kansila Seini da Famfon Gangare

Seini Boukari ya shiga majalisar garin Kumasi a shekarar 1954, yana wakiltar Gangare, wata unguwa da ke ƙarshen Aboabo, kuma buƙata ɗaya tak ya shiga da ita, wato famfon ruwa. Bamoshe ne, haifaffen Zongo, unguwar baƙi 'yan arewa. Mahaifinsa ɗan dako ne a kasuwar goro, mutum mai taurin kai, wanda ya yi abin da ba a cika yi ba a zamaninsa: ya sa ɗansa makarantar boko bayan ta allo. Da Seini ya gama, sai ya kafa tebur kusa da gidan waya, ya shekara goma sha tara yana rubuta wa mutane wasiƙa. Yana jin Hausa da Moshi da Twi da Turanci, kuma a cikin kowane yana da halin gyara wa mutum magana tun bai rufe baki ba. Mutanen Gangare ba don ƙauna suka zaɓe shi ba. Sun zaɓe shi ne domin shi kaɗai ke iya tsayawa gaban masu kwat ya mayar musu da magana cikin harshensu.

Gidajen Gangare sun haura ɗari, kowane gida cike da 'yan haya, amma babu famfo ko ɗaya. Mata kan gangara rafin da ke bayan unguwa. Da damina abin da sauƙi. Da rani kuwa rafin kan tsotse, sai a tona yashi a jira ruwa ya tsattsafo, a riƙa kwarfa da ƙoƙo ana zubawa a garwa. Kowace shekara ciwon ciki kan ɗauki yara biyu ko uku a unguwar.

Wannan ne Seini ya dinga faɗa a majalisa. A shekararsa ta farko sau goma sha ɗaya ya miƙe tsaye, kuma ko maganar fitilun titi ake yi, ko ta rumfunan kasuwa, kafin ya zauna sai ya karkato da ita zuwa ruwan Gangare. Abokan zamansa suka gaji, suka raɗa masa suna Kansila Famfo. A ƙarshe, cikin watan Fabrairu na 1955, kwamitin ruwa ya sanar cewa bututun da ya rage a shekarar na famfo ɗaya ne, unguwa biyu kuma ke nema: Gangare da wani layi a Dichemso. Kwamitin zai ziyarci kowace, ya gani da idonsa, wadda ta fi matsuwa ita za a ba. Shugaban kwamitin wani dattijon Asante ne, Masta Fosu, tsohon ma'aikacin safiyo, wanda ba ya rubuta komai sai abin da ya gani.

Kwana huɗu kafin ziyarar Seini ya tara manyan unguwa bayan la'asar a zauren Alfa Issifu, limamin Gangare, aka kuma kira Hamamatu, magajiyar mata, mai sayar da koko a bakin layi. Ya yi musu bayani dalla-dalla. Kada a yi shara ta musamman. Kada a cika randuna. A bar kwata yadda take, a bar yara yadda suke wuni. Wanda duk aka tambaya ya faɗi gaskiyar wahalar da ake sha. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Moshi saboda tsofaffi, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko an fahimta. Kowa ya ce an fahimta, Alfa ya yi addu'a, aka watse.

Abu biyu ne Seini bai ba su nauyin da ya kamata ba. Na farko, tun da aka kafa Gangare motar majalisa ba ta taɓa shigowa ba sai ɗauke da 'yan tankas, masu duba tsabta, waɗanda kan leƙa randa da bayan gida su rubuta wa mace sammaci a kan 'yar tsutsa ɗaya. Na biyu, a Zongo ba a tarbar baƙo da kuka. Ko gidan da aka kwana da yunwa, in baƙo ya yi sallama, tabarma mai kyau ake shimfiɗa masa.

Ranar ziyara Seini ya tafi ofis tun da safe domin ya shigo tare da kwamitin. Da motar ta karyo kwanar Gangare, abin da ya fara gani shi ne ƙasa jiƙaƙƙiya. An share layin tun daga bakin titi har masallaci, an yayyafa masa ruwa don ƙura ta kwanta. An shafe bakin kwata da farar ƙasa. A ƙofar kowane gida ga durom cike maƙil, an rufe shi da faifai. Daga baya ya ji cewa kwana uku mata suka yi suna jigila, har da aron durom daga unguwar Buokrom. Yara na tsaye a jere, an yi musu wanka an shafe su da man kaɗe suna ƙyalli.

Masta Fosu ya leƙa ta taga, ya ce da Seini cikin ladabi, ashe unguwar tasa tana da kyau haka.

Aka zaunar da baƙi a inuwa. Hamamatu da kanta ta kawo ruwa a sabuwar ƙwarya, wanda aka kwantar da shi da alif aka tace sau uku, garau kamar na kwalba. Masta Fosu ya sha, ya yaba, sannan ya nemi liman ya faɗi damuwar jama'a, kansila ya fassara. Alfa Issifu ya gyara rawani, ya yi godiya ga Allah, ya yi godiya ga hukuma, ya ce su baƙi ne a ƙasar Asante kuma an riƙe su da mutunci, ba su da abin kuka. In famfo ya zo sun gode, in bai zo ba ma sun gode.

Seini ya yi tunanin ya sauya maganar a Turanci, amma Masta Fosu ya shekara takwas yana safiyo a arewa, yana jin Hausa sarai. Don haka ya fassara kalma da kalma, yana jin kowace tana fita daga bakinsa kamar ana cire masa haƙori. Da ya yi ƙoƙarin jan kwamitin zuwa rafi, sai aka ce ai abinci ya sauka, ba a tashi baƙo a kan abinci. Aka sallame su da ƙwaryar goro da zabi biyu.

A Dichemso kuwa, mutanen layin sun tari kwamitin da kwalabe cike da jan ruwa, mata na ta ɗaga murya. Bayan mako biyu aka ba su famfon.

Washegarin sanarwar Seini ya nufi rumfar Hamamatu. Ita Badagomba ce, akwai wasa tsakanin ƙabilarta da tasa, don haka jika take kiransa ko da yake shekara biyar kawai ta ba shi. Ta gan shi tafe, ta ci gaba da dama kokonta.

"Jikana, an ce Dichemso sun cinye. Zauna in zuba maka, ka rame."

"Magajiya, me na ce muku a zauren Alfa?"

"Ka ce kada mu yi shara."

"To?"

"To mun ji, mun kuma yi shawara. Kai kana can cikin masu kwat, ba ka jin abin da ake faɗa a kasuwa. Kullum mutanen Zongo ƙazamai ne. Sai mu kira su da mota, mu ce ku zo ku tabbatar?"

Ya ce mata ruwan da aka zubar a kan titi ranar nan ya isa gida goma su sha mako guda. Ta ce ta sani, ai wuyanta ne ya ɗauko. Ya ce yanzu ga shi an rasa famfon. Ta miƙa masa kofin koko, ta ce an rasa famfo amma ba a rubuta wa kowa sammaci ba, kuma Masta Fosu ya tafi yana yabon Gangare, abin da ba a taɓa yi ba. Seini ya ajiye kofin bai sha ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda ke ganin an yi kuskure. Har tsayar da shi ake yi a hanya ana taya shi murnar yadda unguwa ta fita kunya.

A ranin nan yara uku suka rasu, ɗaya jikan Alfa Issifu ne. Seini ya je gaisuwa, ya zauna, ya tashi, bai ce komai a kan ruwa ba, domin ya san amsar da zai samu.

Shekara ta kewayo, aka sake samun bututun famfo ɗaya. Wannan karon Seini bai tara kowa ba. Ya sami Masta Fosu a ofis, ya gaya masa yadda aka yi bara, ya roƙe shi ya zo da mutum biyu na kwamiti, ba mota, ba sanarwa, da sanyin safiya. Dattijon ya dube shi da kyau, ya tambaye shi ko ya san abin da mutanensa za su ce. Seini ya ce ya sani.

Ranar wata Talata cikin Maris, rana na fitowa, ya bi da su ta bayan gidaje suka sauka rafi. Mata sun fi arba'in a wurin. Ba wadda ta yi shirin ganin namiji, balle baƙo. Suna cikin tsofaffin zannuwan aiki, ɗaure a ƙirji, kai ba ɗankwali, wasu sun shige rami har gwiwa suna kwarfar ruwa mai kalar ƙasa. Hamamatu na cikinsu, taɓo har gwiwar hannu. Haka ma Habsatu, matar Seini, domin ko ita bai gaya wa ba.

Wasu suka juya baya, wasu suka ja zane suka rufe kai. Masta Fosu ya cire hularsa, ya nemi a miƙo masa ƙoƙo ɗaya na ruwan. Ba wadda ta motsa, sai Seini ya sauka da takalminsa ya ɗebo. Dattijon ya duba, ya sansana, ya zubar, ya buɗe littafinsa ya yi rubutu mai tsawo. Hamamatu ta fito daga ramin, ta tsaya gaban Seini, kuma a karon farko ta kira shi da sunansa.

"Seini, ko gidan uwarka za ka shiga da maza, sai ka yi sallama."

Kafin ruwan farko ya sauka an kafa famfon a bakin masallacin Gangare, mai baki biyu, da dakalin siminti. Ciwon cikin yara ya ragu a shekarar, kowa ya shaida. Amma Alfa Issifu ya kira Seini gaban manya, ya ce masa ya kai baƙin maza kan matan aure ba izini, ya tona asirin unguwar da ta ɗaga shi. Seini ya ce asirin da aka rufe bara yara uku ya ci. Maganar gaskiya ce, amma a gaban mai jika ya faɗe ta, kuma ba a yafe masa ba. Da zaɓe ya zo, Gangare ta ba wani dillalin shanu kujerar, mutumin da bai taɓa miƙewa ya yi magana a majalisa ba har wa'adinsa ya cika.

Saura Habsatu. Duk lokacin da ta je famfon, sai wata ta matsa gefe ta ce a ba matar mai famfo hanya, wata kuma ta tambaye ta ko yau ma da baƙi suka zo. Bayan mako biyu ta daina zuwa, ta koma rafi ita kaɗai. Seini ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo mata hujjoji a jere kamar yana gaban majalisa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce shi ya samu famfonsa, ita kuwa da matan nan za ta zauna har ta mutu.

Gidan da ya kawo ruwa mai tsabta Gangare shi kaɗai ya rage yana shan na rafi. Seini ya jure wata guda. Wata safiya ya ɗauki bokiti biyu ya fita, da rigarsa da hularsa, mutum mai shekara arba'in da bakwai, ya shiga layin mata a bakin masallaci. Ba wadda ta ba shi wuri, ba kuma wadda ta kore shi. Hamamatu ce ke tsaye kusa da famfon tana tsara layi. Da aka zo kansa ta dubi bokitansa, ta ce ƙa'idar wurin bokiti ɗaya ne ga kowa, in yana son na biyu ya koma baya.

Ya buɗe baki zai tambayi wanda ya kafa wannan ƙa'ida a kan famfon majalisa, sai ya fasa. Ya cika ɗaya, ya ajiye shi gefe, ya koma ƙarshen layi da ɗayan.