Saniyar Gwaggo

Gwaggona, yayar babana, ta rasu a wani ƙauye kusa da Yekuwa, shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya ƙare dabbobi. Ina gidan aure a Bande lokacin. Kafin amalanke ya kai ni har an kai ta makwanci, sai na zauna makoki.

Abin da ta bari bai taka kara ya karya ba: tabarma, tasoshi, jikoki biyu marayu, da jar saniya guda da ta sha wuyar rainonta da dusa da harawa har ta tsallake farin. Nonon saniyar nan ne ke riƙe da yaran. Kowa ya san haka, shi ya sa kowa ke satar kallon turkenta.

Ni dai Allah ya yi ni da zargi, ban ɓoye ba. Tun ranar da na iso idona ya sauka kan wata tsohuwar Bafulatana da ke rakuɓe a gindin rumbu, da ƙwarya a kife kan cinyarta. Ba wanda ya san ta. Ta yi gaisuwa, ta yi kuka fiye da mu dangi, ba ta tafi ba. Kukan baƙo in ya yi yawa, ni ba ya kwanta mini. Na kuma lura ba ɗakin Gwaggo take kallo ba, saniyar take kallo.

Na sami baffana, ƙanen Gwaggo, na ce, "Baffa, tsohuwar can fa ba ta'aziyya kaɗai ta kawo ta ba."

Ya leƙa, ya dawo fuska a murtuke. Ashe ya taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa saniyar ba ta Gwaggo ba ce, habbanaye ce: aron da Fulani ke ba aminai, ka riƙe saniya ta haihu sau uku, 'ya'yan naka, uwar ta koma gida. "In ta buɗe baki a gaban mutane, mun rasa ta," in ji shi. Da la'asar ya sa aka janye saniyar zuwa bayan dangar maƙwabta. In an tambaya, a ce ta mutu.

Ranar sadakar uku mata suka cika gidan ana dakan gumba. Kuka ya lafa, aka shiga tuna Gwaggo. Wata ta kwaikwayi yadda take ɓoye goro a ɗankwali ta rantse ba ta da shi, alhali bakinta jawur. Wata ta tuna ranar da ta bi bunsuru da muciya har masallaci. Muka yi dariya har da hawaye. Tsohuwar ma ta yi dariya, daidai inda ya kamata, kamar wadda ta san labarin. Wannan ya ƙara tayar mini da hankali.

Can sai ta dubi turken da ba komai, ta ce mini, "'Yar nan, ina jar saniyar?"

Baffa ya riga ni daga bakin zaure. "Ai Inna, ba ta kwana ba. Ciwo ya kama ta."

Tsohuwar ta miƙe, ta ɗaga kai, ta yi wani siririn kira da Fulatanci. Sai ga kukan saniya daga bayan danga, da ƙarfi, sau biyu, har da karyar karare. Taɓarya ta tsaya a hannun kowa. Baffa ya rasa inda zai sa fuskarsa, ni kuwa na ce a raina shi ke nan, yaran nan sun koma kunu tsura.

Aka dawo da saniyar. Tsohuwar ta shafa wuyanta ta daɗe, sannan ta ce, "Haihuwa biyu ta yi a hannun ƙawata, fari ya cinye 'ya'yan. Saura ɗaya. Mutuwa ba ta warware habbanaye, jikokinta za su cika."

Na ƙi sakin jiki. Na ce, "To Inna, in haka ne, me ya zaunar da ke kwana uku?"

Ta juya ƙwaryar da ke hannunta. Busasshiya ce ƙayau, har ta fara tsagewa.

"Garkenmu duka ya kwanta," ta ce. "Ita kaɗai ta rage cikin shanun ubana. Nawa jikokin sun manta ɗanɗanon nono. Kunya ce ta hana ni roƙo a gidan mutuwa. In kun yarda, ku sam mini na yau kaɗai."

Baffa ne ya karɓi ƙwaryar ya tsuguna gindin saniyar da kansa. Ya kasa tatsa, sai da tsohuwar ta karɓa.