Farin ɓeran 'yata

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe laburaren da nake aiki a Manchester, muka koma Birmingham. Don in lallashi 'yata, na kai ta shagon dabbobi. Ni ferret na so, wata aba mai kama da tunku, amma ta ce wari take, ta nuna farin ɓera, na saya mata shi da kejinsa. Ni da na girma ina ɗana musu tarko!

Kakata takan ce ɓera sai ya hura wa mai barci ƙafa kafin ya gwaguye ta. Ban taɓa gaya wa yarinyar ba.

Wata safiya tana shan shayi ta ce, "Mummy, yana hura min ƙafa."

Na leƙa kejin. Yadda na kulle shi, haka yake.