Kusurwar da zomo ya zaɓa

Shekarata ta farko a Doha na yi ta ne a gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a unguwar Bin Mahmud. Likita ce, takan fita da sassafe ta dawo a gajiye. Ni kuwa daga jami'a sai ɗaki. Zafi ba ya barin mutum ya tsaya a waje, maƙwabta ko fuskarsu ban sani ba. Akwai ranakun da nakan wuni ban buɗe baki ba sai a salla.

Wata 'yar ajinmu da za ta koma ƙasarsu ta bar mini ɗan zomo ruwan toka. A garinmu zomo a keji yake a tsakar gida, ba wanda ya damu da inda yake fitsari. A nan kuwa kafet ne ko'ina, kuma na mai gidan haya ne.

Na sayo farantin roba, na shimfiɗa masa takarda, na ajiye kusa da ƙofa. Ko kallonsa bai yi ba. Ya zaɓi kusurwar da nake shimfiɗa dardumata, ta alƙibla, wadda a nan take yamma, ba gabas ba kamar a gida.

Ranar da Gwaggo ta ga tabon fitsarin, ta daɗe tana kallona.

"'Yar nan, gidan mutane ne fa. In ya sake, khalas, shi ke nan, ki nema masa wani wurin."

"To, Gwaggo."

Ban iya gaya mata cewa shi kaɗai ne yake ɗaga kunne idan na shigo ba.

Sai na dage da tsafta, yadda aka rene ni. Da zarar ya ɗan taɓa farantin, in wanke shi da sabulu da ruwan zafi, in shanya, har in turara shi da turaren wutan da Inna ta ƙullo mini daga gida. Zomon ya matso ya shinshina, ya buga ƙafa a ƙasa, ya koma kusurwarsa. Na yi zaton taurin kai ne. Na karanta duk abin da na samu a kan kiwon zomo, amma ban yarda ƙamshi zai iya zama laifi ba.

Wata safiya ta jarrabawa na tashi na tarar ya sake jiƙa wurin. Ba lokacin wanki. Na goge da takarda, na jefa ta cikin farantin, na tura shi kusurwar don ya rufe tabon, na watsa busasshiyar ciyawarsa a kai, na fita.

Da na dawo, yana zaune a cikin farantin yana tauna ciyawa, kafet a bushe. Ashe warinsa yake nema, ni kuma kullum ina wanke masa shi.

Na bar masa kusurwar. Na matsar da dardumata gaban kabad.

Bayan makonni Gwaggo ta leƙo, ta ja numfashi.

"Au, yana nan ashe? Ba ya wari kuwa."

Na buɗe baki zan ba ta labarin tun daga farko, sai wayarta ta yi ƙara, asibiti ne. Ta ɗaga mini hannu ta fita.

Na zauna a ƙasa kusa da farantin, na ba zomon labarin. Ya ɗaga kunne ɗaya, ya ci gaba da tauna.