Ranar da Lyman Drabek Ya Ba da Labarina

Da safiyar Talata, 12 ga Maris, 1974, 'yarka Judith ta bugo mini waya ta ce ka rasu a asibiti a Santa Monica. Jaridu sun ba ka ɗan fili a shafin ciki: Lyman Drabek, marubucin fim kuma furodusa, shekara saba'in da tara. Sun jero finafinanka, har da guda biyu da ka sha rantsuwa ba ka san su ba.

Masu faɗin alherinka suna da yawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Duk tsohon ɗan wasan da aka daina kira ya san ƙofarka; sai ka ƙirƙiro masa mai gadi ko kawun amarya a labarin da ba ya bukatar ko ɗaya. Ni kuwa abu ɗaya ka yi mini, kuma na ƙare rayuwata ina juya shi ban gane kansa ba.

A 1938 na shiga kamfanin da kake aiki, ɗauke da digirin adabi da ba wanda ya tambaye ni shi sai kai, kai ma don ka samu sunan tsokana: Farfesa. Maigidan kamfanin bai yarda da marubuci ɗaya ba. Yakan ba mutum labari, ya ba wani shi a ɓoye, ya ɗauki wanda ya fi. Rubutu a bayan mutum muke kiran abin. Ba a faɗa, ba a tambaya. Kowa an yi masa, kowa ya yi wa wani. Aikina na farko shi ne rubutu a bayanka, a kan labarin wata bazawara mai kiwon zuma. Duk ginin ya san finafinanka biyu na baya sun faɗi, kwantiraginka ya kusa ƙarewa, matarka Vera kuma tana da tsohon ciki. Idan ba a ɗauki naka ba, ka tafi.

Littafin kiwon zuma guda ɗaya ne a laburaren kamfanin, kuma yana hannuna. Ka je aro, aka faɗa maka inda yake. Ka turo ƙofata, hula a kai.

"Farfesa, ko dai kin fara ajiye zuma a ofis, ko ke ce a bayana."

Ka nemi ganin abin da na rubuta, na miƙa maka. A tsaye ka karance shi. A naka, bazawarar tana auren mai banki. A nawa, tana sayar da amyoyinta ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai. Ka ajiye, ka ce waƙafi ya yi yawa, ka ɗauki littafin ka fita.

Maigida ba ya karatu. Labari sai an ba shi da baki, yana kwance a kujera ana yi masa aski. Kai gwanin wannan ne. Ni kuwa idan na buɗe baki sai ka ce lacca, mai askin ma hamma yake yi. Ranar da aka kira mu, kai ka fara. Ka yi muryar bazawarar, ka yi kukan zuma, ka yi jirgin yana tashi. A wurin jirgin ne na tabbata labarina kake bayarwa. Maigida ya miƙe zaune, kumfa a haɓa, ya ce ashe Lyman bai mutu ba. Da ka yi shiru a nan, ba wanda zai zarge ka. Al'adar gidan ke nan, ni ma ba zan ce uffan ba.

"Ba nawa ba ne," ka ce. "Na yarinyar can ne. A bakinta zai mutu, shi ya sa na ara mata nawa."

Aka yi fim ɗin da sunana, aka sallame ka. Ka yi shekaru kana rubuta wasannin rediyo da finafinan kaboyi masu arha kafin ka tsaya da ƙafarka a matsayin furodusa. Da ka tsaya, ni ka fara kira, ka ci gaba da share mini waƙafi.

Na gwada dalilai iri-iri. Na ce tausayi ne, amma ba ka taɓa tausayin mai digiri ba. Na ce ka gaji da Maigida ne kana neman hanyar fita, amma mai irin wannan shiri ba ya sayar da motarsa cikin wata guda. A watan jiya, a asibiti, na tambaye ka kai tsaye. Ka ce:

"Da sun yi fim da nawa labarin, Farfesa, da dole na zauna a sinima na kalle shi."

Ban san ko gaskiya ka faɗa ba, ko kuwa amsar ce ta fi maka daɗi a baki. Ka tafi da sauran bayanin.

Allah ya jiƙan ka, Lyman, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Judith da 'ya'yanta, Allah ya ba su haƙuri. Ke kuma Vera, ke kika haihu a shekarar da ba aiki a gidan, kuma ba wanda ya nemi shawararki kafin a yi wannan karamci. Kin daɗe ba ki amsa gaisuwata ba, ban kuwa taɓa ganin laifinki ba. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya saka miki da abin da kika jure.