Kawu Labbo da Shari'ar Manhajoji Uku

Ku da kuka san Kawu Labbo kun san ba ya taɓa kwamfuta da hula a kai. Sai ya tuɓe ta, ya kifa ta bisa na'urar, ya gyara zama, ya yi gyaran murya, sa'an nan ya ce, "Kotu ta zauna." Daga nan kuwa wanda ya zo da gaggawa ya shiga uku! Shekara da shekaru ya yi yana magatakarda a kotu, kuma can ya koyi aikin kwamfuta, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a aka kawo musu kwamfuta guda ɗaya kowa yana tsoron taɓa ta. Ya yi ritaya, amma kotu ba ta fita daga jikinsa ba. Duk layin da kwamfuta ta rubuto sai ya bi shi da yatsa, ya karanta da ƙarfi, ya fassara wa kansa da Hausa.

Wani hedimasta daga Kende ya taɓa kawo masa tasa. Aka zo inda take tambaya ko an amince da sharuɗɗa. Hedimasta ya ce, "Malam Labbo, danna kawai, kowa ma dannawa yake yi."

"Kai ka karanta?"

"Wa ke karanta wannan tulin rubutu?"

"To ni ba ni sa hannu ga abin da ban karanta ba. Na ga wanda ya rasa gona da ɗan yatsa guda."

Bawan Allahn nan ya yi azahar a gidanmu, ya yi la'asar, har fura aka dama masa. Da Kawu ya kai ƙarshe sai ya ɗago ya ce, "Akwai wuri guda da ban gamsu ba. Ka dawo gobe."

Amma fa ni Kulu, ɗiyar ƙanwarsa, ni na fi kowa shan wannan hali, kuma ni na fi kowa cin moriyarsa. Lokacin ina riƙe da rajista a wata 'yar asibitin haihuwa kusa da Kaoje. Wani ɗan bautar ƙasa ya taɓa zama da mu, ya haɗa mana 'yar manhaja, ya kwashe duk abin da ke cikin tsofaffin littattafan haihuwa ya zuba a ciki, tun na kafin a haife ni. Ya gama shekararsa ya tafi, ba wanda ya san inda ya nufa. Bayan nan ruwa ya shiga ɗakin ajiya wata damina, littattafan suka zama kunu. Kenan duk wanda aka haifa a wurin, na wannan gefe da na ƙetaren iyaka, a cikin tsohuwar manhajar nan kaɗai yake. Mai son sa ɗa makaranta, mai neman takardar shaida, duk wurina suke zuwa.

Kwatsam aka aiko mana da faifai, wai a ɗora sabuwar babbar manhaja ta rumbun bayanai, masu duba aiki za su zo nan da kwana goma. An haɗo da 'yar takarda: duk abin da ta tambaya ki ce eh. Na fara, ina eh, ina eh, sai ta tsaya ta zubo rubutu. Cikin jerin abubuwan da ta ce za ta cire, na ga sunan tsohuwar manhajarmu. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi, na aika a kira Kawu.

Ya zo bisa kekensa, kotu ta zauna. Ya karanta sau biyu, sa'an nan ya ce, "Ɗiyata, mutum ukku na cikin ƙarar ga. Ga baƙuwa, ga tsohuwa, ga kuma wata 'yar ƙaramar manhaja da su duka suke dogara gare ta. Baƙuwa ta ce sai an kawo mata ƙaramar nan mai lamba ukku. Tsohuwa ba ta iya motsi in ba da mai lamba biyu ba. Gida kuma ba shi ɗaukar biyun lokaci guda. Shi ya sa baƙuwa ta ce a fitar da tsohuwa."

"To Kawu, mu kwafe bayanan mana."

"Na kwafe. Amma kwafin ba shi buɗuwa sai hannun tsohuwa. Akwatin na gare mu, ɗan makullin na gare ta."

Ya nemi alli. Kafin in ankara ya hau bangon ofis da zane, wannan na neman wancan, wancan na neman wata, layi-layi har ƙasa. Sai ga Hajiya Ige, shugabar asibitin, ungozoma ce tun da can, kuma taubashiyar Kawu ce, ba sa haɗuwa a rabu lafiya.

"Labbo! Bangon asibiti ne fa, ba allon makaranta ba!"

"Shari'ar da ba a rubuta ba, Ige, gardama ce."

Wata mata daga Lafagu da ta zo awo ta leƙo, ta daɗe tana kallon bangon, ta ce, "Malam, waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne? Gado suke rabo?"

Kawu ko dariya bai yi ba. Ya ce, "Awo, haka ne. Kuma duk cikinsu babu mai kunya."

Hukuncin da ya yanke shi ne a nemo yayar baƙuwar, wato irinta da ta fito kafin ita, wadda za ta yarda ta zauna da mai lamba biyu. To ina za a samo? Sabis ɗinmu na intanet a lokacin, ka danna ka tafi ka ɗora tukunya ka dawo. Kawu ya ce na ƙetare ya fi ƙarfi, kuma ya san wani tudu dab da iyakar Binin inda yake kamawa. Na ce ya bari a aika Birnin Kebbi. Ya ce shi ba a yi masa aike a shari'a. Rana ta biyu na bi shi a kan kabu-kabu don in gani da idona. Jama'a! Ya ɗaure modem ɗinsa, wato 'yar na'urar kama sabis, a kan gora da tsumma, modem ɗin da ya ƙi canzawa duk da murfinsa ya fashe, ya ɗaga gorar sama, kwamfuta a kan cinya, rana tana dukansa. Wani makiyayi ya tsaya da shanunsa yana kallo.

"Malam, roƙon ruwa ake yi?"

"Roƙo dai nike, amma ba na ruwa ba. Matsa da saniyarka, tana tare min."

Da ƙyar abu ya sauka. Muka dawo, aka ɗora, sai ita ma yayar ta ce sai an kawo mata wasu guda biyu. Ni kam na zauna a ƙasa don takaici. Kawu ya ƙara layi biyu a bango ya ce, "Haka suke. Kowa ka gayyata sai shi taho da ƙannenai." Washegari ya koma tudu.

Kwana bakwai suka wuce. Hajiya Ige ta fara fita hayyacinta, kuma ban ga laifinta ba, ita za a tsare da tambaya. Ranar Juma'a ta shigo ta ce, "Kulu, takarda ta ce a ce eh. In ke ba ki iyawa, ni na iya. Sunayen da suka ɓace sai a sake tambayar masu su."

Kawu ya ce, "Waɗanda suka mutu fa, ke za ki tambayo su?"

"Kai dai tashi ka tafi masallaci, tsoho mai taurin kai."

Ya tashi kuwa. Amma kafin ya fita sai ya sunkuya ya zare wayar kibod, wato allon madannan kwamfutar, ya naɗe ta, ya cusa kibod ɗin cikin babbar rigarsa. Da shi ya je Juma'a! Waɗanda suka yi sahu da shi sun ce duk ruku'un da ya yi sai sun ji ƙwas-ƙwas. Da aka sallame wani ya tambaye shi, sai ya ce, "Amana ce. Akwai mai son danna ta."

Rana ta tara yayar baƙuwa ta zauna lafiya, ba ta kori kowa ba. Kawu ya sa tsohuwa ta buɗe akwatinta, ya dinga ƙetarar da sunaye zuwa wurin yayar baƙuwa shekara-shekara, yana bi da yatsa, ni ina duba na baya. Sai da ya tabbata ba a bar ko ɗaya ba, sa'an nan ya yarda a kawo mai lamba uku da ita baƙuwar. Da aka sake zuwa tambayar nan ta cire tsohuwa, ya dubi sunanta ya ce, "An sallame ki, ba ki da laifi." Ya danna da kansa. Hajiya Ige ta ce, "Alhamdu lillahi, yau alƙali ya gaji." Ta sa aka kawo masa soyayyen kifi, ya cinye tas yana cewa gishiri ya yi yawa.

Bayan la'asar mata sun watse, ina tattara kaya, sai ya ce, "Kulu, gwada min sabuwar ga." Ya faɗi wata shekara, ya faɗi sunan wata. Na buga, jeri ya fito. Ya sa yatsa a kan wani layi ya ce in karanta. Na karanta: uwa Balkisu, uba Labbo, mace, ta zo da rai.

Na san Allah bai bar wa Kawu da matarsa Inna Balki haihuwa ba, amma ban taɓa jin an ce sun ga ɗa da idonsu ba.

"Kwananta huɗu," in ji shi. "Ba ta kai suna ba. Uwarta ta rasu, kabarin yarinyar kuma ruwa ya daɗe da shafe shi. In layin ga ya tafi, ba sauran inda aka ce ta zo duniya."

Ashe Hajiya Ige tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce a hankali, "Ni na karɓe ta, Labbo. Gashi gare ta cike da kai." Ta juya ta fita tana share ido da gefen mayafi. Ni ma kukan na yi, ba zan ɓoye muku ba, kuma na ji kunyar duk ƙorafin da na yi a kwanakin nan tara.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa kurakuransa, ya sauƙaƙa masa hisabi. Allah ya sada shi da Inna Balki da 'yar nan tasu a Aljanna, ya samu ya kira ta da sunan da bai samu raɗa mata ba. Amin.