Kawu Mai Duba Gindin Bango

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Satumba, bayan la'asar, aka bugo mini waya cewa ka cika, Kawu, bayan gajeriyar jinya.

Ƙanen mahaifiyata ne kai, amma tun rasuwar mijina kai ka zame wa 'ya'yana uba. Aikin inshora ka yi har ka yi ritaya, aikin kuwa bai taɓa sakinka ba. In aka kai ka ganin sabon gida, mutane na yaba falo, kai kana tsugune a gindin bango kana neman shatin ruwa. Mun sha yi maka dariya, a bayan idonka da gabansa.

Da na ƙara ɗaki a gidana na zuba kekunan ɗinki, waɗanda da su nake ci da marayun nan, ka zo sa albarka. Ko ruwa ba ka kurɓa ba ka tambaye ni ko na sanar da kamfanin inshora.

Na ce, "Haba Kawu, ai gidan na da inshora tun maigidan na da rai."

Ka ce, "Tsohon gidan suka sani, 'yata. Wannan ɗakin da kekunan ba su san da zamansu ba. Kuma ta gobara ce kaɗai, ambaliya ba ta ciki."

Na yi ta kwana-kwana, ka yi ta sintiri da ƙafarka mai ciwo, har kunya ta sa na bi ka ofishin aka gyara.

Da damina ta yi tsakiya, ruwa ya shigo mana har ƙugu. Kekuna suka lalace, yadikan mutane suka jiƙe da laka. Tsoro ya kama ni, don ban san da me zan riƙe yaran ba. Kamfanin ya biya. Ba ka taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba, shebur ka ɗauka ka taya mu kwashe laka.

Sababbin kekunan sun iso a makon da ka kwanta. Na yanka maka riga don in fara da kai, saura wuya da aljihu. Tana nan a rataye, na kasa ƙarasa ta, na kasa ninke ta.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Gwaggo matar Kawu da 'yan'uwana, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani.